Babi na Uku: Mura Ba Iska Ke Kawo Ta Ba

Da zarar an gama yankan shinkafar damina a fadamun Kogin Kwara, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga gabas maso arewa, ƙasar Bagudo kan canza kama. Hazo ya lulluɓe kogin har mai kwalekwale ba ya hango ɗaya gaɓar, leɓɓa su tsage, dugadugai su yi kaushi, yara su fito da safe suna rawar ɗari a gindin murhu. Daga Bagudo zuwa Kaoje, daga Illo zuwa Lolo da ke bakin iyakar Benin, in ka tsaya a sahun sallar asuba tari za ka riƙa ji yana amsa tari tun daga bayan liman har sahun ƙarshe. Ka tambayi kowane ɗaya daga cikin masu tarin me ya same shi, amsar guda ce: sanyi ya kama shi.

A wurinmu sanyi ne mai laifi a komai. Wanda ya yi wanka da asuba, da wanda ya sha ruwan randa da dare, da wanda raɓa ta sauka a kansa, da yaron da ya tsotsi ƙanƙara a kasuwa, duk an san abin da za a ce ya jawo musu mura. Kakanninmu da suka faɗi haka ba wauta suka yi ba. Sun ga mura tana yawaita da hunturu, kuma gaskiya suka gani. Inda zancen ya karkace shi ne wurin gano dalili. Dubi Sarkawa da sauran masunta da ke shiga ruwa tun duku-duku a tsakiyar watan Janairu, ko mai noman rani da ke yini tsaye cikin ruwa yana dashen shinkafa. Da sanyi kaɗai ke haifar da mura, da waɗannan mutane ba su taɓa rabuwa da majina ba.

Abin da ke kawo mura ƙwayar cuta ce irin wadda likitoci ke kira bairos, kuma akwai irinta fiye da 200. Ba ta tsirowa daga ruwa ko daga iska, daga jikin mutum take fita ta shiga jikin wani. Mai mura ya yi atishawa ko tari, ɗigon da ido ba ya gani ya watsu, na kusa da shi ya shaƙa. Ko kuwa ya fyace majina da hannu, ya miƙa wa ɗan'uwansa hannun a gaisa, shi kuma ya murza ido ko ya taɓa hanci. Buta, moɗa, kofin mai shayi, takardar kuɗi, duk hanyoyi ne. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi. Yawan irin ƙwayoyin ne ya sa mutum ba ya gama da mura a rayuwarsa: babba kan yi ta sau biyu ko uku a shekara, ƙaramin yaro kuwa yakan kai shida zuwa takwas, kuma wannan ba alama ce ta cewa yaron ba shi da jini ko an yi masa baki ba.

Akwai wani labari da ya dace da mutanen bakin iyaka. Can kusa da ƙarshen duniya ta arewa akwai tsibirin Spitsbergen na ƙasar Norway, inda sanyi ke daskarar da teku har jiragen ruwa su daina zuwa na tsawon watanni. Wasu masu bincike biyu, Paul da Freese, sun zauna da masu haƙar kwal na wani gari a tsibirin, mutum wajen 500, suka wallafa abin da suka gani a 1933. A tsakiyar wannan tsananin sanyi, da ba mai shiga ba mai fita, mura ta kusa ɓacewa daga garin. Da yanayi ya sassauta, jirgin farko ya iso da baƙi, cikin 'yan kwanaki sai mura ta game gari. Sanyin yana nan duk tsawon watannin bai ba kowa mura ba, sai da mutane suka zo da ita.

To, ƙasar Bagudo ƙasar shige da fice ce. Ana bi ta Tsamiya a faɗa Segbana, ana bi ta Lolo a nufi babbar kasuwar Malanbil, Fulani na tsallakawa da shanu, dangi na wannan gefe suna zuwa suna da biki a wancan gefe, Dandawa da Zabarmawa da Hausawa suna cuɗanya kamar yadda suka saba tun kafin Bature ya ja layi. Motar da aka yi wa mutum biyar ta ɗauki goma, an rufe gilasai ruf saboda ƙura, ɗaya daga ciki yana atishawa tun daga tasha. Wanda ya sauka daga wannan mota ya kwana biyu ya fara majina zai ce iskar hanya ce ta buge shi. Maƙwabcinsa na kujera ne ya ba shi.

Turawa ma sun daɗe da wannan imani na sanyi, har suka gwada shi. Daga 1946 zuwa 1989 akwai wata cibiya a garin Salisbury na Ingila da ba ta da aiki sai binciken mura. A can an sa masu sa kai sun yi wanka, sun tsaya jiƙe a inda iska ke kaɗawa, sun zauna da jiƙaƙƙiyar safa a ƙafa. Waɗanda ba a ɗiga wa ƙwayar cutar a hanci ba, sanyin bai ba su mura ba. Sai dai ba za a wanke sanyi tas ba. A 2005 an yi wani gwaji a Cardiff da mutum 180, rabinsu suka tsoma ƙafa a ruwan sanyi na minti 20. Cikin 'yan kwanaki kashi 29 cikin ɗari na waɗanda suka tsoma suka ce sun ji alamun mura, a ɗaya rukunin kuwa kashi 9. Fassarar masu binciken ita ce, wasu suna ɗauke da ƙwayar a hanci tana kwance, sanyin ya rage wa hancin ƙarfin kare kansa, ta samu ta tashi. An kuma gano cewa ƙwayar da ta fi kawo mura ta fi hayayyafa a hanci mai ɗan sanyi. Saboda haka uwar da ta sa wa ɗanta rigar sanyi da hula ta yi daidai, kada wani ya hana ta. Abin da ya kamata ta ƙara sani shi ne, hular ba za ta kare shi daga yayansa da ke tari a kan tabarma ɗaya da shi ba.

Babban aikin hunturu shi ne tara mu wuri ɗaya. Da bazara kowa a tsakar gida yake kwana, iska na wucewa. Da sanyi kuwa sai a cushe a ɗaki, a toshe taga da tsumma, a saki labule, a shigo da kaskon gawayi. Ga numfashin mutum takwas yana zagayawa, ga hayaƙi yana cin ƙirjin jariri. Wannan kaskon shi ya fi tsorata ni, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan sa ciwon kai da jiri, takan kuma kashe mutane cikin barci. Iyalin da suka rufe kansu da garwashi don gudun mura sun gudu daga ƙaramin abu sun faɗa babba. A bar kafar da iska za ta shiga, a fitar da kasko kafin a kwanta.

Ita ma ƙurar hazo, wadda akasarinta daga yankin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, tana busar da hanci, ta sa atishawa da haɓo, ta tayar wa mai asma ciwonsa. Wannan ba mura ba ce, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma rawani ko takunkumi ya fi masa amfani a kan kowace ƙwaya.

Wani ruɗanin kuma shi ne ɗaukar kowace mura abu guda. Akwai mura ta yau da kullum, wadda ke shigowa a hankali, ta tsaya a hanci da maƙogwaro, mutum yana fyace majina yana harkarsa. Akwai kuma babbar mura, infuluwenza, wadda ƙwayarta daban ce. Ita farat ɗaya take kayar da mutum: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari, kasala har tashi zaune ya zama aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ne ke yin mai tsananinta, kuma tana kashe tsakanin 290,000 da 650,000. Tsofaffi, masu juna biyu, ƙananan yara, da masu ciwon suga ko na zuciya ko na huhu su ta fi yi wa illa. Masu cewa cutar ƙasashen Turawa ce sun manta tarihi. A watan Satumban 1918 jirgin ruwa ya shigo da ita Legas, ta bi layin dogo da hanyoyin ruwa da na fatake ta hau Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Har yau tana nan tana zagayawa. Tun 2008 ake ɗaukar samfurin majinar marasa lafiya a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, don bin sawunta. Likitoci ma sun taɓa yin ɓatan kai a kanta. Tun 1892 suka ɗauka wata ƙwayar bakteriya ce ke kawo ta, sai a 1933 aka tabbatar a Landan cewa bairos ce.

Wannan bambanci tsakanin bairos da bakteriya shi ne inda kuɗinmu ke zurarewa. Tsaya a gaban teburin mai kemis ranar kasuwa. Mace ta zo da goyo, hancinsa na zuba, ta kwance bakin zane ta ce, "Likita, yaron ga sanyi ya kama shi, a yi mai allura." Mai kemis ba ya taɓa jikin yaron, ba ya ɗaga rigarsa. Ya ɓallo kapso biyu, ya yanko ƙwayar mura huɗu da almakashi, ya ƙara farasitamol da 'yar kwalbar maganin tari, ya ƙulle a leda gwargwadon kuɗin da ke hannunta. Bayan kwana biyar yaro ya warware, uwa ta yaba wa kapso. Alhali ko ba a ba shi komai ba warwarewa zai yi, domin mura takan gama kwanakinta cikin bakwai zuwa goma ta tafi, ko da yake tarin kan iya jan mako uku.

Su ja-da-yalo da Ampiclox da Septrin da Amoxil, wato magungunan antibayotik, bakteriya suke kashewa. Ba su da abin da za su yi wa bairos, ko an sha ko an yi allurarsu. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ma ba hujja ba ce ta neman kapso, launin daga ƙwayoyin jikin mutum ne da ke yaƙar cutar. Kuma shan su a banza ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Duk lokacin da aka haɗiyi kapso biyu aka bari, bakteriyar da ke zaune a jiki tana koyon yadda za ta jure masa, ranar da ciwon gaske ya zo sai maganin ya ƙi ci. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a babu yankin da ya kai Afirka ta Yamma asarar rayuka. Mu ne ke nan, mu da maƙwabtanmu na tsallaken iyaka. A irin wannan wuri kuma magani yakan zo a tire a ka, ya yini a rana, wani kwalin da rubutun Faransanci wanda mai saye ba ya karantawa, mai sayarwa ma haka. Gwamnatin Benin da kanta ta rushe kasuwar magunguna ta Adjegounle a Kwatano a 2017 saboda jabu. Maganin da ba ka buƙata, in jabu ne, kasada biyu ka ɗauka.

Ƙwayoyin mura irin su Procold suna rage toshewar hanci da ciwon kai na 'yan sa'o'i, ba sa rage kwanakin ciwon. Akwai farasitamol a cikinsu, don haka wanda ya haɗa su da wani farasitamol ɗin yana iya zarce ƙa'ida ya cuci hantarsa. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500, in an haɗa duka. Asfirin kuwa ba a ba yaro mai mura ko zazzaɓi. Maganin tari na kwalba ba a tabbatar yana amfanar ƙananan yara ba, kuma mun ga abin da gurɓatacce ya yi a Gambiya a 2022, inda yara kusan 70 suka mutu da ciwon ƙoda. Mai kodin a ciki tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da sarrafa shi. Bitamin C ma, da aka ɗaukaka tun 1970 lokacin da masani Linus Pauling ya rubuta littafi a kansa, da aka tattara gwaje-gwaje an ga ba ya hana yawancin mutane kamuwa, kuma fara shansa bayan mura ta kama ba ya korar ta. A sha lemo don abinci ne mai kyau.

Abin da ke taimakon mai mura yawancinsa yana cikin gida. Hutu, ruwa mai yawa, kunu mai ɗumi, farfesu, shayin citta da kanumfari da lemun tsami: ba sa kashe ƙwayar, amma suna sanyaya maƙogwaro su sassauta majina, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya kasa barci. Cokalin zuma kafin kwanciya yana rage tari ga yaron da ya wuce shekara ɗaya. Wanda bai kai ba kada a ba shi zuma ko kaɗan, tana iya ɗauke da wata ƙwaya da hanjin jariri ba ya iya yaƙa. Jaririn da hancinsa ya toshe har ya kasa kama nono, a ɗiga masa ruwan gishiri mai tsabta irin na kemis a goge. Kada a cusa masa man zafi a hanci, kada a kifa shi a kan tukunyar sirace, ƙunar ruwan zafi ta fi murar muni. Uwa mai mura ta ci gaba da shayarwa, ta wanke hannu, ta kau da fuska in za ta yi tari; nononta ba ya ɗauke da mura, kariya ma yake kai wa yaron, kuma ruwan sanyin da ta sha ba ya bi ta nono ya kama shi. Wanka da ruwan ɗumi ba ya ƙara ciwo. Kai yaro wurin wanzami a cire masa beli saboda tari kuwa ba ya maganin komai, sai dai zubar jini da haɗarin cutar da aska ke ɗauke da ita.

Kariyar ma mun gaje ta. Ya zo a hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa idan zai yi atishawa. A ƙara da wanke hannu da sabulu, kuma mai mura ya haƙura da sumbatar jariri ranar suna.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, asarar kuɗi ce da wahala. Wanda ke cin rai shi ne kiran kowane tari da zazzaɓi mura, a zauna ana jiran ta wuce. Cututtuka da yawa da rigar mura suke fara shigowa. Zazzaɓin cizon sauro na farawa da ciwon kai da ciwon jiki, kuma binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da shi. Don haka zazzaɓi a ƙasar Bagudo gwajin jini yake buƙata, wanda ba ya wuce minti 20, ko da akwai majina. Ƙyanda da majina da jan ido take farawa kafin ƙuraje su fito. Sanƙarau lokacinsa ke nan, daga hunturu zuwa bazara: zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya ba a kwana da su a gida. Ko a farkon 2025 ya yi kisa a Gwandu da Aliero da Jega. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da gumin dare, a je a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Sama da duka akwai ciwon huhu, wato nimoniya, wanda sau da yawa kan biyo bayan mura. Asusun UNICEF ya ƙiyasta ya kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya a 2018, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. Abin takaici, gane shi ba ya buƙatar na'ura. Uwa, ki bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba, ki kwantar da shi a cinyarki ki ɗaga rigarsa. Ki sa wani ya riƙe waya ya duba minti ɗaya cif, ke kuma ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60, numfashin ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ki kuma dubi ƙasan haƙarƙarinsa: in yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko yana gurnani, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, wannan ya wuce mura. A nan ne antibayotik ke da aiki, cikakken adadi na kwanakin da ma'aikacin lafiya ya faɗa, kuma a nan ne muke buƙatar ya kasance bai riga ya lalace a jikin yaron ba. Akwai kuma rigakafi: allurar da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14 tana kare su daga manyan ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu, ta ƙyanda kuma a wata 9, duk kyauta.

Mazauna ƙauyukan bakin kogi da rugagen da ke nesa da titi sun san tafiya asibiti ba ƙaramin aiki ba ce: kuɗin babur, kuɗin fito, yinin gona da za a rasa. Shi ya sa nake roƙon maigida, wanda a hannunsa izni da kuɗin suke, ya koyi wannan ƙirgen kamar yadda matarsa za ta koya. Yaro na wasa, yana cin abinci, numfashinsa daidai, hanci ne kawai ke zuba: a ajiye kuɗin kapso, a ba shi kunu da ruwa. Numfashi ya yi sauri ko haƙarƙari na lotsawa: a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a ranar, ko na wannan gefen iyaka ne ko na wancan, kada a jira gari ya waye.